An hana yaran Tailan fita yawon makaranta, an bar su da kududdufi

Har yau idan maganar gobarar bas ɗin 'yan makarantar nan ta ƙasar Tailan ta 2024 ta taso, sai na ji wani ya ce, "Ka ga gwamnatin da ta san darajar ran yaro." Abin da ake yabawa shi ne saurin da ministan ilimin ƙasar na lokacin, Permpoon Chidchob, ya yi wajen dakatar da yawon buɗe ido na 'yan makaranta tun toka ba ta huce ba. Na karanta wannan yabon a Facebook, na kuma ji shi a majalisar da nake zama bayan la'asar, daga bakin mutanen da abin da suka sani game da Tailan bai wuce buhun shinkafa ba. Ni kuwa duk lokacin da na ji, raina ɓaci yake yi. A ganina umarnin nan bai ceci ran yaro ko ɗaya ba, kuma tafin da aka yi masa alama ce ta wata cuta da ke damun gwamnatoci da 'yan jarida da mu masu karatu baki ɗaya, wato mutuwar yara ba ta tayar mana da hankali sai ta zo da hayaƙi da kyamara.

Masu bin labarai sun san abin da ya faru ranar 1 ga Oktoban 2024. Bas ta ɗauko ɗalibai daga wata makaranta a lardin Uthai Thani, ta kama da wuta a kan babban titin Vibhavadi Rangsit a gefen Bankok, yara 20 da malamai 3 suka ƙone. Firaministar lokacin, Paetongtarn Shinawatra, ta zubar da hawaye a gaban 'yan jarida, kuma ban ga laifinta ba. Amma me bincike ya tono? Motar da aka fara yi wa rajista tun 1970, an yi mata kwaskwarima, an mayar da ita mai amfani da gas, an cusa mata tukwanen gas 11 alhali 6 ne a takarda. Ke nan wani ya ƙara tukwane biyar, wani ya duba motar ya sa hannu, wani ya ba ta izinin ɗaukar fasinja. A cikin waɗannan mutanen babu ɗalibi, babu malamin da ya ce a kai yara su ga kufan tsohon birnin Ayutthaya. Duk da haka yawon aka fara kamawa. An bar jaki ana dukan taiki. (Mu da ake ta yi wa tallar mayar da motoci masu gas a Najeriya, wannan ɓangaren labarin ne ya kamata ya hana mu barci, amma wannan maganar wata rana ce.)

An ba da umarnin sake duba bas-bas masu gas fiye da dubu 13, wannan daidai ne, ko da yake ihu ne bayan hari. Daga baya ma an sassauta dakatarwar aka gindaya sharuɗɗa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ma'aikatar lafiyar Tailan ta sha faɗa da bakinta cewa cikin shekara goma, yara 'yan ƙasa da shekara 15 kusan dubu bakwai ne ruwa ya ci a ƙasar. Yara biyu ke nan a kowace rana ta Allah. Adadin ɗaliban da suka ƙone a bas ɗin, ruwa yana cinye shi cikin kwana goma, ya sake cinye wani a kwana goma na gaba, haka har shekara ta zagayo. Ban taɓa jin ministan da ya kira taron gaggawa a kan waɗannan ba, domin ɗaya bayan ɗaya suke tafiya, a ƙauyuka daban-daban, da tsakar rana, babu wuta babu ƙara.

Ku tuna kogon Tham Luang na arewacin Tailan a 2018. Yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu suka shiga ranar 23 ga Yuni, ruwa ya tare musu hanya, sai 2 ga Yuli wasu ƙwararrun masu nutso 'yan Ingila suka gano su, aka gama fito da su ranar 10 ga wata. Mutum wajen dubu goma suka yi aikin, tsohon sojan ruwa Saman Kunan ya rasa ransa a ciki. A Kano da Maraɗi da Kumasi mun bi labarin a rediyo kamar 'ya'yanmu ne, kuma na yi murna kamar kowa ranar da aka fito da na ƙarshe. To amma idan aka bi wancan lissafin na yara biyu a rana, cikin kwana 18 ɗin da duniya ta zuba wa bakin kogon ido, yaran Tailan fiye da talatin ne suka nutse a tafkuna da rafuka da randunan gidajensu. Ba a san sunan ko ɗaya a wajen ƙauyensu ba. An yi fina-finai a kan goma sha biyun.

Kafin a ce ina zagin Tailan, bari in faɗi abin da ta yi da ya sa maganar ta kai nan. Ƙasar ta yi abin da mu har yanzu muke mafarki. A 1990, cikin kowane yara dubu da aka haifa, wajen 37 ne ba sa kai shekara biyar. Yanzu adadin bai kai goma ba. Rabonta da ganin ƙwayar shan inna ta daji tun 1997. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ita a matsayin ƙasar Asiya ta farko da ta kawar da yaɗuwar ƙanjamau daga uwa zuwa jariri. Tsarin lafiya na bai-ɗaya da aka fi sani da "baht 30" (baht shi ne kuɗin Tailan), wanda gwamnatin Thaksin Shinawatra ta shimfiɗa a 2001 zuwa 2002, ya buɗe wa talaka ƙofar asibiti, har masana tattalin arziki na Amurka suka nuna cewa tazarar mutuwar jarirai tsakanin larduna masu arziki da matalauta ta kusa ɓacewa bayan zuwansa. Ga 'yan sa-kai na lafiya fiye da miliyan ɗaya a ƙauyuka, kowane da gidajen da yake kula da su, sun san wace ce mai ciki, wane yaro ne bai karɓi allura ba.

Sai dai nasara tana da nata makanta. Da gudawa da ƙyanda da ciwon huhu suka ja baya, abin da ya rage yana kashe yaron da ya wuce shekara ɗaya sai ya zama abin da allura ba ta magani: ruwa, titi, faɗuwa, wuta. Tsarin da aka gina domin yaƙar cuta kuwa a asibiti yake ƙirga gawa. Yaron da ya kamu da zazzaɓin dengi, wanda sauro ke yaɗawa, ana kai shi asibiti, a buɗe masa kati, a rubuta sunan cutarsa, ya shiga rahoton mako. Yaron da ya faɗa tafki, minti kaɗan ya ishe shi. Ana tsamo shi, a shimfiɗe shi a gida, a kai shi haikali a yi masa abin da addininsu ya tanada, asibiti bai gan shi ba balle ya rubuta. Shi ya sa shekara da shekaru likitocin Bankok suna kallon littattafansu suna ganin ruwa ƙaramar matsala ce.

Abin da ya tona asirin shi ne wani bincike da aka yi gida-gida a 2003 zuwa 2004, haɗin gwiwar Jami'ar Chulalongkorn da UNICEF da TASC, ƙungiyar kare yara daga haɗurra. Maimakon su tambayi asibiti, sai suka bi gidaje kimanin dubu 100 suna tambayar iyaye: an yi rashin yaro a gidan nan? Me ya same shi? Amsar ta girgiza kowa. Ruwa ne kan gaba wajen kashe yara daga shekara 1 zuwa 17, fiye da 2,600 a shekara bisa ƙiyasinsu. Alƙaluman ma'aikatar lafiya na takardun mutuwa, waɗanda suka tsaya a 'yan ƙasa da 15, su ma sun nuna wajen 1,500 a shekara a tsakiyar shekarun 2000, ninkin-ba-ninkin abin da dengi ke kashewa. Wannan shi ne amfanin ilimin bin diddigin cututtuka idan an yi shi da ƙafa: ya gaya maka abin da ke kashe mutane a zahiri, ko da ya saɓa wa abin da kake tsoro.

Kuma ruwan nan ba ya ci da ka. Yana da lokaci, yana da wuri, yana da irin yaran da yake ɗauka, kamar yadda sanƙarau ke da lokacinsa a wurinmu. Makarantun Tailan suna rufewa daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Mayu, daidai tsananin bazararsu, kuma a watannin nan ne gawawwaki suka fi yawa. Maza sun ninka mata kusan sau biyu. 'Yan ƙasa da shekara biyar a cikin gida ko bayan gida suke mutuwa, a bokiti, a baho, a randar tara ruwan sama, a ruwan da bai kai gwiwar babba ba, sau da yawa a daidai lokacin da mai kula da su ta juya ta sauke tukunya. 'Yan shekara biyar zuwa sha huɗu kuwa a tafkin gona da rafi da magudanar ban-ruwa, kuma su ne ke tafiya rukuni-rukuni: ɗaya ya zame, abokinsa ya faɗa ceto, na uku ya bi su. Yankin da ya fi shan wahala shi ne arewa maso gabas, wanda suke kira Isan, mafi talauci a ƙasar, inda ake noma shinkafar nan mai ƙamshi da muke yi wa layi a kasuwa.

A nan ne na fi jin haushin maganar da jami'ai ke maimaitawa duk shekara idan hutu ya matso, cewa iyaye su sa ido a kan 'ya'yansu. Waɗanne iyaye? Binciken da ofishin ƙididdigar Tailan ke yi tare da UNICEF ya nuna fiye da yaro ɗaya cikin biyar a ƙasar ba ya zaune da uwa ko uba, yara wajen miliyan uku, kuma a Isan abin ya fi haka muni. Uban yana tuƙa tasi a Bankok ko yana aikin gini, uwar tana masana'anta a Samut Prakan ko Chonburi, wasu ma suna gonakin ƙasashen waje. Su ne ke riƙe da tattalin arzikin da ake alfahari da shi. Yaran suna hannun kaka, tsohuwa mai ciwon gwiwa, da jikoki uku ko huɗu, da gona, da girki. Ka ce wa wannan baiwar Allah ta sa ido a kan yaro ɗan shekara takwas daga safe har magariba, wata biyu cur, a cikin zafin Afrilu, alhali ga tafki a bayan gida yana ƙyalli? Wanda ya rubuta wannan sanarwar bai taɓa yini da ɗan shekara takwas ba.

Tafkin ma wa ya haƙa shi? Isan ƙasa ce mai fari, ruwan sama ya zo da yawa lokaci guda ya ɗauke. Domin haka gwamnati ta daɗe tana ƙarfafa manoma su haƙa tafki a gona. Marigayi Sarki Bhumibol ma, a tsarin noman da ya koyar, ya ba da shawarar a ware kashi 30 cikin ɗari na fili domin ajiye ruwa, kuma hukumar raya ƙasar noma tana da shirin haƙa wa manomi tafki mai cin kubik mita 1,260 a kan kuɗi kaɗan. Tsari ne mai kyau, ya ceci gonaki, ya ba mutane kifi da rani. Amma rami ne da injin haƙa ya yanka, gefensa a tsaye, laka mai santsi, zurfinsa ya shanye babban mutum. Hannu ɗaya na gwamnati ya cika karkara da irin waɗannan ramuka, ɗaya hannun kuma ya buga takarda yana cewa laifin kaka ne. Da a ce sharaɗin karɓar tallafin haƙa shi ne a kewaye tafkin da shinge tun ranar farko, da ba a kai ga wannan ba.

Na san irin wannan ramin, domin a gefensa na tashi. A unguwarmu akwai kududdufin da aka bari bayan an ɗebi ƙasar gini, damina ta cika shi, ya yi kore. An hana mu zuwa, an tsorata mu da 'yan ruwa, an zane wasunmu, kuma duk muna zuwa. Ranar da ya ci wani yaro sa'ana, abin da na fi tunawa shi ne silifas ɗinsa guda biyu a jere a bakin ruwan, da 'yar rigarsa a ninke a kai, ya ɗora dutse kada iska ta ɗauke. Da aka tsamo shi, wani ƙato ya saɓa shi a kafaɗa yana jijjigawa wai ruwan ya fito, wasu suna danna masa ciki, mata suna salati. Babu wanda ya san ana hura numfashi a baki. Da yamma aka yi jana'iza, aka ce kwana ya ƙare, aka ce ruwan nan dama duk shekara sai ya ci mutum. Shekaru da yawa bayan haka na karanta cewa jami'an lafiyar Tailan suna fama da mutanen karkararsu a kan daidai wannan abin, saɓa yaro a kafaɗa a yi ta gudu da shi, kuma su ma suna da tasu fatalwar ruwan da ake ɗora wa laifi. Sai na ji kamar a bayan gidanmu aka yi binciken.

Mu ma ai halinmu ɗaya da su wajen zaɓen mutuwar da za mu yi wa kuka. Kowa yana tuna jirgin Bagwai na ƙarshen Nuwambar 2021, da ɗaliban Islamiyyar da suka nutse a hanyarsu ta zuwa Mauludi. Wa yake ƙirga waɗanda 'yan kwana-kwana ke tsamowa ɗaya-ɗaya daga kududdufan Kano duk damina?

Masu cewa ƙaddara ce ba zan ɓata musu lokaci ba. Wanda ya ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah ya riga ya ba su amsa, kuma maganar koya wa yara iyo tun zamanin Sayyidina Umar ake jingina masa ita.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Tailan ta san maganin, ta gwada, ya yi aiki. Daga wajen 2006 wasu 'yan tsirarun ma'aikata a hukumar yaƙi da cututtuka suka ɗauki maganar nutsewa a matsayin annoba, tare da likitocin yara irin su Adisak Plitponkarnpim na asibitin Ramathibodi, wanda ya shafe shekaru yana bin gawar yara ɗaya bayan ɗaya yana tambayar yadda aka yi. Suka tsara manhajar iyon tsira ta awa 15. Ba iyon gasa ake koyarwa ba. Ana koya wa yaro ɗan shekara shida zuwa sama ya kwanta rigingine a kan ruwa, ya buɗe hannu da ƙafa, ya bar hancinsa a sama, ya yi shiru har taimako ya zo. Ana koya masa ya rungume jarkar da babu komai a ciki, ko gorar ruwa ta roba, ya ga da idonsa cewa tana ɗaukarsa. Ana kuma dasa masa kalmomi uku a ka domin ranar da abokinsa zai zame: yi ihu, jefa, miƙa. Yi ihu manya su zo, jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, miƙa masa sanda ko zane. Kada ka faɗa. Wannan darasin kaɗai ya isa ya mayar da gawa uku ta zama babu ko ɗaya.

Suka sa Asabar ta farko a watan Maris ta zama ranar yaƙi da nutsewar yara. A 2015 suka ƙaddamar da shirin da ake kira Merit Maker, wato mai aikin lada, inda ƙaramar hukuma da asibitin ƙauye da makaranta da 'yan agaji ke haɗa tawaga, su zagaya su rubuta duk wani ruwa mai haɗari a yankinsu, su kafa shinge da allon gargaɗi, su kafa sanda a bakin tafki su rataya jarka da igiya da doguwar gora. Inda babu wurin iyo, sai a kafa na tamfol a filin makaranta, ko a killace gefen tafki da gora. Lardin Surin, a kudancin Isan, yana cikin waɗanda suka fara nuna cewa abin zai yiwu. Ga jarirai kuma aka shiga tallata ɗan keji na wasa da za a ajiye yaro a ciki idan uwa ko kaka za ta juya baya. Jarka, igiya, gora, tamfol, keji: babu abin da sai an yi odarsa daga Jamus. Da waɗannan tarkacen adadin ya sauko daga wajen 1,500 zuwa tsakanin 500 da 700 a shekarun baya-bayan nan. Ko an cire raguwar haihuwa daga lissafin, an rage fiye da yadda kowa ya zata. Bangladesh ma ta gwada irin wannan, gidajen renon yara na unguwa da darasin iyo, bincike ya nuna haɗarin ya ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari ga yaran da suka shiga.

To me ya hana a ƙarasa? Saukar ta yi sauri da farko, sannan ta tsaya tana jan ƙafa. Binciken hukumar da kanta ya nuna yaran ƙasar da suka iya iyo ba su kai ɗaya cikin uku ba, waɗanda suka iya iyon tsira kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wannan a ƙasar da ke cike da koguna da magudanai da gaɓar teku, ƙasar da Turawa ke biyan kuɗin jirgi su je su yi wanka. Dalilin a fili yake: aikin ya dogara ne da sa-kai. Inda aka dace da shugaban ƙaramar hukuma mai kishi ko wata ma'aikaciyar jinya mai naci, yara su koya. Inda ba a dace ba, sai addu'a. Sunan shirin ma ya faɗi gaskiya, aikin lada ne. Allurar rigakafi kuwa ba a bar ta ga masu neman lada ba, an sa ta a kasafi, an sa ta a kati, ana bin yaro har gida. Ma'aikatar ilimin da ta iya dakatar da yawon makarantun ƙasa baki ɗaya da umarni guda, ta kasa tabbatar da cewa kowane ɗan firamare ya samu awa 15 a cikin ruwa kafin ya gama aji uku. Hanawa kyauta ce, ba ta cin ko baht ɗaya, kuma tana fitowa a labaran ƙarfe takwas. Koyarwa tana buƙatar malami da wurin iyo da mota da kuɗi, kuma yaron da bai nutse ba babu mai ɗaukar hotonsa.

Ga wani abin da masu tafi ba su lura da shi ba. Ɗan mai kuɗi a Bankok, ko an hana yawon makaranta, ubansa zai kai shi gidan tarihi ranar Asabar, kuma tun yana ɗan shekara huɗu yake zuwa darasin iyo a bayan gidansu. Ɗan manomin Uthai Thani ko lardin Buriram na Isan, wannan bas ɗin ita ce kaɗai hanyarsa ta ganin abin da ke bayan gonar ubansa. Shi aka hana, kuma shi ne dai wanda tafkin ke jira.

Za a ce ai cututtuka ba su ƙare ba: ga dengi da ke tashi duk bayan 'yan shekaru tun ɓullarta a Bankok a 1958, ga ƙyanda da ke dawowa a lardunan Musulmi na kudu irin su Pattani da Yala da Narathiwat inda allura ta yi ƙaranci, ga ƙurar da ta sa aka rufe makarantu fiye da 350 a Bankok a Janairun 2025. Duk gaskiya ne, kuma duk suna da ofis da kasafi da kwamiti. A nuna mini na kududdufi da ya kai rabin nasu.

Abin da ya fi kusa da ruwa wajen kisa shi ne titi, kuma a nan ma labarin bas ya ɓatar da mutane. Bas ba ita ce ke kashe yaran Tailan a hanya ba, babur ne. A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ƙasar ce ta biyu a duniya wajen yawan mutuwa a titi idan aka kwatanta da yawan jama'a, Libiya kaɗai ke gabanta, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na matattun masu babur ne. Da zarar yaro ya kai shekara 15 titi ke karɓar tuta daga hannun ruwa. Lokacin da Save the Children da gidauniyar AIP mai yaƙi da haɗurran hanya suka fara gangaminsu na sa wa yara hular kwano a 2014, sunan da suka ba shi daga alƙaluma suka ɗauko shi: kashi 7 cikin ɗari kacal na yaran da ake goyawa a babur ne ke sa hular kwano, alhali dokar hular ta kusa shekara ashirin a lokacin. Uba da hula saboda tsoron ɗan sanda, ɗansa a gaba kai a buɗe. A 2022 aka yi dokar kujerar yara a mota, tarar baht 2,000, doka mai kyau ga masu mota. Yaron Isan a kan babur yake zuwa makaranta, wani lokacin ma shi ke tuƙawa, yana ɗan shekara goma sha biyu, domin babu bas ɗin da za ta ɗauke shi.

Sannan ga abin da ba ya shiga kowane lissafi: waɗanda ba su mutu ba. Yaron da aka tsamo bayan minti shida ko bakwai, zuciya ta dawo amma ƙwaƙwalwa ta tafi. Yarinyar da kanta ya bugi kwalta. Tsarin baht 30 zai biya kuɗin gado da na magani, amma ba zai biya uwar da ta bar aikin masana'anta ta dawo ƙauye ta yi shekara ashirin tana juya ɗanta a kan tabarma ba.

Duk wannan yana faruwa ne a ƙasar da ke kukan ƙarancin haihuwa. Daga 1963 zuwa 1983 ana haifar yara fiye da miliyan ɗaya duk shekara a Tailan. A 2024 ba su kai dubu 500 ba, kuma tun 2021 masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa yawa. Jami'ai suna ta taro a kan yadda za a lallashi matasa su haihu, ana maganar tallafi da hutun haihuwa da asibitin taimaka wa masu neman ciki. Madalla. Amma mai ɗiban ruwa da kwando ba ya kukan rijiya ta yi nisa. Yaran da aka riga aka haifa, aka yi musu allura goma sha wani abu, aka raine su har suka fara karatu, su ne ake bari suna zubewa ɗari shida a shekara a ramin da shingen gora zai toshe.

Abin yi ba boyayye ba ne. A mayar da iyon tsira wajibi kamar allura, a ɗora shi a wuyan ma'aikatar ilimi da kuɗinsa. Kada a sake haƙa tafki da kuɗin gwamnati ba shinge. A buɗe cibiyoyin renon yara a watannin hutu, lokacin da kaka ta fi buƙatarsu. 'Yan sa-kai miliyan ɗayan nan da suka san gidan kowace mai ciki, su san bakin kowane tafki. Yadda za a raba kuɗin da wanda zai sa hannu, wannan aikin masu albashi ne.

Makarantu za su sake rufewa a tsakiyar Maris. Hukuma za ta fitar da sanarwar da ta saba, da alƙaluman bara, da roƙon iyaye su sa ido. A Surin da Buriram da Nakhon Ratchasima, duk a Isan, zafi zai kai inda yake kaiwa, kaka za ta kishingiɗa a inuwar gida bayan azahar, yara uku za su zame ta baya. Ban ji ministan da ya ce zai dakatar da wani abu a kan wannan ba.